Baki Biyu, Saiti Ɗaya: Yadda Ake Gwada Ɗurin Harsashi a Bindigar Manyan Namun Daji

Wanda ya saba da bindigar farauta mai bututu ɗaya, ranar da ya fara gwada mai baki biyu zai tarar da cewa abin da ya sani bai ishe shi ba. A mai bututu ɗaya lissafin a fili yake. Ka harba uku ko biyar, ka je ka duba ko sun taru wuri guda. In sun taru amma sun kauce wa tsakiya, sai ka juya saiti har ya bi su. Kowane irin harsashi ka kawo, saiti ne ke bin sa. A mai baki biyu kuwa saitin ɗaya ne, bututun biyu ne, an liƙe su da dalma, babu wanda zai matsa wa ɗan'uwansa. Kana iya juya saiti ya bi na dama, kana iya juya shi ya bi na hagu, amma ba ka da abin juyawa da zai sa su biyun su yarda da juna. Abin da ya rage a hannunka shi ne ɗurin: nauyin ƙwaya, irin albarushi da yawansa, da gudun da suke haifarwa.

Ba bindigar harbin tsuntsaye mai watsa ƙananan ƙwayoyi ake nufi ba. Ana maganar wadda cikin bututunta ke da tsagi mai murɗewa, mai jefa ƙwaya ɗaya tal mai nauyi, wadda aka ƙera domin namun daji masu haɗari irin ɓauna, giwa, dorina da zaki. Darajarta ita ce harbi na biyu yana nan a shirye, yatsa kawai zai koma kan kunama ta biyu, kuma kowane bututu da nasa kayan tashi, in ɗaya ya ƙi ɗayan yana nan. To amma harbi na biyu ba shi da amfani in ba zai faɗa inda na farko ya faɗa ba, kuma lokacin da ake bukatarsa ba lokaci ne na tsayawa a tuna cewa na hagu yana kaucewa da taƙi ɗaya ba.

Mutum zai yi zaton in aka jera bututun biyu suka miƙe sak kafaɗa da kafaɗa, magana ta ƙare. Da an yi haka, na dama zai jefa can dama, na hagu ya jefa can hagu. Dalili shi ne shuri. Bindiga ba ta jiran ƙwaya ta fita kafin ta fara ja da baya. Daga lokacin da albarushi ya kama, ƙarfin da ke tura ƙwaya gaba shi ne ke tura bindiga baya. A ɗauki harsashin da ake kira .470 Nitro Express: ƙwaya mai nauyin giren 500, wato giram 32 da 'yan kai, bindiga mai wajen kilo 5, bututu mai tsawon santimita 60 zuwa 65. Ƙwayar tana ɗaukar wajen kashi biyu cikin dubu na sakan kafin ta bar bututu, amma a wannan ɗan lokacin bindigar ta riga ta ja baya da milimita 3 zuwa 4. Da a ce bututun yana daidai tsakiyar bindiga, kuma a layi ɗaya da inda gindinta ya tokari kafaɗa, da ja da bayan ya tafi a miƙe. Amma bututun dama yana gefen dama na tsakiya, kuma duka biyun suna sama da kafaɗa. Saboda haka in na dama ya tashi, bakin bindiga yana karkata sama da dama. In na hagu ne, sama da hagu. Ƙwaya tana fita ne a tsakiyar wannan karkata.

Karkatar ba ta da yawa, amma nisa yana kumbura ta. Tsakanin bututu mai santimita 60 da allon gwaji mai nisan mita 50 akwai ninki fiye da 80. Rabin milimita a bakin bindiga ya zama santimita 4 a jikin allo.

Maganin da maƙera suka samo shi ne su sa bututun biyu su ɗan kalli juna. In ka cire harsashi ka leƙa ta cikinsu, za ka ga na dama yana kallon hagu da ƙasan abin da saiti ke nunawa, na hagu yana kallon dama da ƙasa. An yi haka ne domin shuri ya ɗauko kowannensu ya dawo da shi kan hanya daidai lokacin da ƙwaya za ta fita. Kuma ba a samun wannan kusurwa da lissafi kaɗai. Maƙeri yana cusa ɗan guntun ƙarfe tsakanin bututun kusa da baki, ya liƙe da dalma, ya je fili ya harba dama da hagu, ya duba, ya dawo ya gasa wurin har dalmar ta yi laushi, ya matsar da ƙarfen ɗan ƙanƙani, ya bar shi ya huce, ya sake harbawa. Haka zai yi ta yi har su haɗu a nisan da aka zaɓa, wanda a manyan bindigogi yawanci yadi 50 ne ko mita 50. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa bindigogin Holland & Holland, Purdey, Rigby da Westley Richards na Ingila, da na Heym, Merkel da Krieghoff na Jamus, da na Chapuis da Verney-Carron na Faransa, ke cin lokaci kafin su fito. Bututun biyu kamar shanun huɗa ne a ƙarƙashin karkiya ɗaya: an koya masu tafiya tare a kan taku guda, in aka sauya takun sai su fara jan juna.

Wannan shi ne abin da nake ganin ya kamata mai gwaji ya riƙe tun kafin ya ɗauki bindiga. Ba ɗurin da ya fi gudu yake nema ba, ba kuma wanda ya fi ƙarfi ba. Ɗurin da aka gina bindigar a kansa yake nema, ko wanda ya yi kama da shi har bindigar ba ta gane bambanci. Amsar tana nan tun ranar da dalma ta daskare, aikinsa shi ne ya gano ta.

Akwai ƙa'idar da maƙera da mafarauta suka daɗe suna aiki da ita wajen karanta allo. In harbin bututun dama ya faɗa hagu, na hagu ya faɗa dama, wato sun gitta, to ƙwayar ta fita da wuri, shuri bai gama dawo da bakin ba: ko gudu ya yi yawa, ko ƙwayar ta yi sauƙi. In kuwa na dama ya faɗa can dama, na hagu can hagu, sun buɗe, to ƙwayar ta daɗe a ciki, bakin ya wuce inda ake so: ko gudu ya gaza, ko ƙwayar ta yi nauyi. Sau da yawa ɗuri mai sanyin gudu yana faɗawa sama da mai zafin gudu a wannan ɗan nisa, abin da kan ba sabon shiga mamaki, amma dalilin ɗaya ne, bakin ya sami lokacin ɗagawa. A cikin abubuwan biyu, nauyin ƙwaya ya fi tasiri, domin nisan da bindiga ke ja baya kafin ƙwaya ta fita ya dogara ne a kan nauyin ƙwaya idan aka gwada shi da nauyin bindiga. Shi ya sa ake fara tsayar da nauyin ƙwaya a kan na asali, sannan a yi wasa da gudu. Shi ya sa kuma ɗora madubin hangen nesa a kan bindigar da aka daidaita ba tare da shi ba kan sa harbin ya gitta: an ƙara mata nauyi, ba ta karkata kamar da.

Tambayar da za ta biyo baya ita ce, me ya sa ba za a sayi ɗurin asalin kawai a huta ba? A sabuwar bindiga hakan yana yiwuwa, domin kamfani yakan haɗo da takardar gwaji mai nuna harsashin da aka daidaita ta da shi da nisan da aka harba. A tsohuwa kuwa ɗurin asalin ya ɓace daga duniya. John Rigby ya fito da .450 Nitro Express a 1898, ƙwaya giren 480 a kan gudun ƙafa 2,150 a sakan, kuma nan da nan ya zama ma'auni. A 1907 Turawan mulkin Birtaniya suka hana shigar da harsashi mai faɗin .450 na inci Indiya da Sudan, sai kowane kamfani ya ƙirƙiro nasa mai aiki iri ɗaya da faɗi daban: Holland & Holland suka kawo .500/465, Joseph Lang ya kawo .470. Dukansu da albarushin kodayit aka riƙa ɗura su a lokacin, wanda Frederick Abel da James Dewar suka ƙirƙiro a 1889, albarushi mai siffar dogayen zare da ake jerawa cikin kwanso. A ƙasan bututun tsofaffin bindigogin Ingila, wurin da ke ɓoye in an rufe bindiga, ana samun hatimin gidan gwaji na Landan ko Birmingham, sau da yawa tare da nauyin kodayit da na ƙwaya, misali a .470 giren 75 na kodayit da ƙwaya giren 500. Kodayit yana ƙara zafi idan rana ta gasa shi, har ta kai ana yin ɗuri na musamman mai ɗan ragi domin ƙasashe masu zafi, kuma akwai bindigogin da a kan wannan ragaggen ɗuri aka daidaita su. Daga baya kamfanin Kynoch, wanda shi ne babban mai ɗura waɗannan harsasai, ya daina, aka shafe shekaru bindigogin suna rataye babu abin sa masu, sai a 1989 Federal na Amurka ya dawo da .470. Amma ya dawo ne da albarushin zamani, wanda yadda yake ci da yadda yake tura ƙwaya ba irin na kodayit ba ne.

Akwai kuma tarko a cikin alƙaluman littafi. Gudun ƙafa 2,150 a sakan, wajen mita 655, an auna shi ne a dogon bututun gwaji wanda ya fi na bindigar farauta tsawo. A ainihin bindiga mai bututu inci 24 ko 26, tsohon harsashin bai kai haka ba. Wanda ya dage sai na'urar auna gudu ta nuna masa 2,150 a tsohuwar bindiga, yawanci zai ga harbinsa yana gittawa, kuma ya matsa wa ƙarfen da ya haura shekara ɗari a banza. Da yawa daga cikinsu a tsakanin 2,050 da 2,100 suke haɗuwa. Ɓauna ba za ta san bambancin ƙafa 70 a sakan ba, amma bututun biyu sun sani.

Yanzu ga gwajin kansa, kuma a nan ne aka fi ɓata harsashi. Tunda motsin bindiga ne ke kai ƙwaya inda take zuwa, duk abin da ya sauya motsin ya sauya sakamakon, kuma jikin maharbi yana cikin abubuwan. Wanda ya kwantar da bindiga a kan buhunan yashi ya durƙusa a bayanta, kamar yadda ake yi wa mai bututu ɗaya, ba bindigar da zai riƙe a daji yake gwadawa ba. Wanda ya ɗaure ta a maƙalin ƙarfe mai nauyi da ke shanye shuri ya fi shi ɓata: allon zai yi masa ƙarya, kuma ƙarfin da ya kamata kafaɗa ta sha ta ja baya zai koma kan siririn wuyan katakon bindigar, wanda kan tsage. Yadda maƙeran Ingila ke yi shi ne a tsaye, a gaban teburi mai tsayi zuwa ƙirji. Hannun gaba ya riƙe bindiga da kyau kamar a daji, bayan hannun ne ke kwanciya a kan matashi, ƙarfe ko katako ba ya taɓa komai sai hannu da kafaɗa da kunci. Jiki a sake yake daga ƙugu zuwa sama, yana iya bin shuri. Riƙon kuma ya zama iri ɗaya a kowane harbi, domin in ka matse a na farko ka sassauta a na biyu, kai ne ka raba su ba albarushi ba.

Ana fara harba biyu a zubar, domin bututu mai maiƙon mai ba ya jefawa inda mai ɗan hayaƙi ke jefawa. Daga nan sai dama, sannan hagu, 'yan sakanni a tsakani. Wannan tsari ba son rai ba ne. Kunamar gaba ita ce ta bututun dama, ita ake fara ja a daji, kuma a haka maƙeri ya daidaita. Zafi ma yana da hannu. Bututun da ya tashi yana ɗumama ya miƙe, ɗan'uwansa da ke liƙe da shi yana nan a sanyi. Ƙarfe mai tsawon santimita 60, in ya fi na kusa da shi zafi da digiri 30, yana ƙaruwa da wajen kashi biyu cikin goma na milimita, kuma tunda ba shi da inda za shi sai ya lanƙwasa su biyun zuwa ɓangaren mai sanyi. Wanda ya harba bututun dama sau biyar a jere zai ga harbin yana tafiya hagu sannu a hankali, ya ɗauka ɗurin ne. Saboda haka bayan kowane biyu a buɗe bindiga, a jingine ta a inuwa, a bari ta huce har hannu ya daina jin ɗumi.

Kowane rami a allo dole a san na wane bututu ne. Ramuka biyu masu tazarar santimita 5 ba su gaya maka komai in ba ka san ko sun buɗe ko sun gitta ba, alhali maganinsu kishiyar juna ne. Wasu kan je su rubuta D1, H1, D2, H2 a gefen ramukan, wasu kan kafa takardu biyu masu alamar saiti iri ɗaya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, daga baya su ɗora su a kan juna. Ni na fi son ta biyun, domin tana tilasta wa mutum ya fara duba abin da ya kamata a fara dubawa, wato ko kowane bututu shi kaɗai yana tara harbinsa. In na dama yana watsa nasa a faɗin santimita 10, babu ma'ana a yi maganar haɗuwarsa da na hagu. Matsalar tana wani wuri: ƙwayar ba ta dace da faɗin bututu ba, ko tsagin ya ci, ko bakin ya sami rauni, ko maharbin ya fara zabura. A tsofaffin bindigogi faɗin cikin bututu ba ya zama ɗaya ko da suna ɗaya ne; a dangin .450/400 ana samun daga .408 zuwa .411 na inci. A kai wa maƙeri ya auna kafin a sayi ƙwaya.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne harbi biyu kacal. Ka harba dama da hagu, ramukan suka taɓa juna, zuciya ta ce an gama. Amma in kowane bututu yana watsa harbinsa a faɗin santimita 4, wanda ba laifi ba ne da saitin ƙarfe, to biyu na iya taɓa juna bisa sa'a, biyun da za su biyo baya kuma su rabu da santimita 7 bisa rashin sa'a, ɗurin bai sauya ba. Abin da ake aunawa shi ne tsakiyar tarin dama da tsakiyar tarin hagu, kuma ba a samun tsakiyar da za a dogara da ita sai da aƙalla harbi huɗu daga kowane bututu. Wannan ya ci karo da wata gaskiyar: shurin .470 ya ninka na matsakaiciyar bindigar farauta irin .30-06 sau uku ko fiye, kuma bayan harbi 10 ko 12 yawancin mutane sun fara rufe ido suna fizgar kunama ba su sani ba. Ma'ana ɗuri ɗaya ko biyu ake iya gwadawa da gaskiya a zama guda. Gwajin yana ɗaukar makonni, kuma wanda ya yi ƙoƙarin gama shi a wuni ɗaya gajiyarsa ya auna.

Ina son a tsaya a kan abin da ake kira haɗuwa, domin ba lallai ne ramuka su shiga juna ba. A bakin bindiga akwai tazarar wajen santimita 2 da rabi tsakanin tsakiyar bututun biyu. In a mita 50 na dama yana dama, na hagu yana hagu, tazararsu kuma ita ce dai santimita 2 da rabi, to ƙwayoyin suna tafiya ne kafaɗa da kafaɗa, kuma haka za su ci gaba a mita 100. Wannan ya fi komai kyau. In sun haɗu a rami ɗaya a mita 50, daga nan za su gitta, a mita 100 su rabu da santimita 2 da rabi ta ɗaya gefen, wanda shi ma babu laifi. Amma kwatanta waɗannan biyun. Harbin da ya buɗe da santimita 5 a mita 50 ya ƙara santimita 2 da rabi ne kawai a kan tazarar asali, don haka a mita 100 zai kai 7 da rabi. Wanda ya gitta da santimita 5 kuwa ya cinye tazarar asali ya ƙara 5 a kai, wato 7 da rabi a kowace mita 50, a mita 100 ya kai 12 da rabi. A allo tazararsu ɗaya, amma ba matsayinsu ɗaya ba. In za a yi kuskure, gara a yi shi ta ɓangaren buɗewa kaɗan, balle ga shi zafin rana yana ƙara wa albarushi gudu, yana tura harbi zuwa gittawa.

Ba kowace matsala ce ɗuri ke gyarawa ba. In duka biyun sun haɗu amma sun yi sama ko ƙasa, aikin saitin gaba ne, a sauya shi da dogo ko gajere. In sun haɗu amma sun karkata gefe ɗaya, a ɗan matsar da saitin baya. In kuwa bututu ɗaya kullum yana sama da ɗan'uwansa, kuma an tabbata maharbi ba ya kishingiɗar da bindiga, da wuya ƙari ko ragin albarushi ya taɓa wannan. Yana cikin dalmar.

Ga mai ɗura harsashinsa da hannu, doka ita ce abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Kwanso iri ɗaya, abin tartsatsin da ke kunna albarushi iri ɗaya, ƙwaya iri ɗaya a zurfi ɗaya, albarushi ne kaɗai ke hawa da ƙaramin mataki, daga ƙasan abin da littafin kamfanin albarushin ya tsara, na'urar auna gudu tana aiki a kowane harbi. Gudu ɗaya da albarushi daban ba ya ba da sakamako ɗaya. Mai cin wuta a hankali ana zuba shi da yawa, yana cika kwanso, nauyinsa ma yana ƙara shuri. Mai saurin ci ana zuba kaɗan, ya bar fili a cikin waɗannan manyan kwansuna, har sai an sa ɗan soso na musamman ya riƙe shi a gindi kusa da tartsatsi, in ba haka ba gudun ya riƙa hawa da sauka. Sai kuma a danne bakin kwanso ya kama ƙwaya sosai, domin shurin bututun dama yana iya zaro ƙwayar harsashin da ke jira a na hagu ta matso gaba. A gwada wannan kai tsaye: a bar harsashi ɗaya a hagu, a harba dama, a ciro shi a auna tsawonsa.

A kan matsin iska a cikin bututu babu sassauci. Hukumar C.I.P., mai tsara ƙa'idar gwajin bindigogi a ƙasashen Turai da dama, ta sa iyakar .470 Nitro Express a 2,700 a ma'aunin matsi na "bar", alhali .375 H&H Magnum na bindiga mai bututu ɗaya yana da 4,300. An yi kwansunan manya ne da gangan domin a sami aiki da ƙaramin matsi, saboda bindigar da ake karyawa a buɗe ba ta da ƙarfin kulle irin na mai sakata, bututunta kuma sirara ne ta wajen baki. Alamomin da masu ɗuri suka saba dubawa a jikin kwanso ba sa bayyana sai an wuce wannan iyaka da nisa. Kafin kwanso ya nuna komai, mahaɗin bindigar ya riga ya fara sassautawa. Don haka in an kai ƙarshen abin da littafi ya yarda, harbin kuma yana nan a buɗe, ba a ƙara ko giren ɗaya. A sauya albarushi ko ƙwaya, ko a kai wa maƙeri. Tsohuwar bindigar da aka ƙera domin baƙin albarushi kuwa, wadda ba ta da hatimin gwajin albarushin zamani, ba ta cikin wannan magana gaba ɗaya sai ƙwararre ya duba ta.

Da an sami ɗurin da ya haɗa su, saura rabin aiki, domin mafaraucin manyan namun daji ƙwaya iri biyu yake ɗauka: mai taushin kai wadda ke buɗewa a cikin nama, da daskararriya wadda ke huda ƙashi ta wuce. Da yawa kan sa mai taushi a dama, daskararriya a hagu, don haka dole a gwada su a haka, ba kowace ita kaɗai ba. Nauyinsu ɗaya amma taurinsu da faɗin jikinsu da ke gogar tsagi daban, sau da yawa daskararriyar tana bukatar ɗan ragin albarushi kafin ta yi gudu ɗaya da 'yar'uwarta. Kamfanin Woodleigh na Ostireliya ya yi suna ne da kwaikwayon siffar tsofaffin ƙwayoyin Kynoch, abin da ya sauƙaƙa wa masu tsofaffin bindigogi. Ƙwayoyin da aka sassaƙa daga tsantsar tagulla kuwa sun fi tsawo da tauri, kuma maƙera da yawa ba sa son a sa su a tsohon bututu mai siririn jiki, sai dai irin masu zobba a jiki waɗanda zobban ne kaɗai ke shiga tsagi.

Wane sakamako ne ya isa? Harbi huɗu, biyu daga kowane bututu, a cikin da'irar santimita 5 a mita 50 da saitin ƙarfe, bindiga ce mai kyau ƙwarai. Santimita 7 ko 8 ma ta isa aikin da aka yi ta dominsa, tunda yawancin harbinta a ƙasa da mita 60 ake yin sa, ƙirjin ɓauna kuma ya ninka wannan da'ira sau da yawa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a tsaya a teburi. Dabbar da aka raunata saboda harbin da ya kauce tana shan azaba, tana kuma zama haɗari ga masu bin sawunta, don haka ɗurin da aka zaɓa sai an sake gwada shi a kan sandunan jingina, da kuma a tsaye babu jingina, a mita 25 da 50 da 75, da harsashin da ya sha rana irin wadda za a yi farauta a cikinta. A rubuta komai: albarushi, nauyi, gudu, zafin ranar, lambar rukunin harsashi in na kamfani ne, domin rukuni da rukuni ma sukan bambanta.

Wasu bindigogin zamani, irin Blaser S2 da Baikal MP-221, an yi masu abin juyawa da ke matsar da bututu ba sai an narka dalma ba, sai dai su 'yan tsiraru ne. Ga sauran, in an bi duk hanyoyin da ke cikin iyakar lafiya bututun suka ƙi haɗuwa, sai a sake daidaita su, kuma ba kowane maƙeri ne ya iya wannan ba. Wanda zai kai tasa ya fara yanke shawarar harsashin da zai iya samu shekara da shekaru, da ko zai ɗora madubi ko ba zai ɗora ba, sannan ya haɗa wa maƙerin isasshen harsashi daga rukuni ɗaya, ya kuma ajiye wa kansa ragowar rukunin domin farauta.